Minjiryar Zauren Baba

Babana masunci ne, ɗan masunta. A ƙauyenmu na gefen Gatawa ba shi ne sarkin ruwa ba, amma sarkin ruwa ba ya yanke magana sai ya aiko an ji tasa. In damina ta yi nisa gulbi ya kawo, fatake kan tsaya a ƙofar gidanmu da baburansu ɗauke da kaya, su tambaya ko mashigi zai ƙetaru. In Baba ya ce a bari sai gobe, to ko mutum zai rasa kasuwa guda sai ya bari. Haka na buɗe ido na gani, ban ma san wani abu ba ne sai da muka rasa shi.

Shekarar da zama ya gagara muka kwaso 'yan komatsanmu muka dawo Sabon Birni. Ba sai na tsaya ba da wannan labarin ba, kowa a yankinmu yana da irinsa, na wasu ma ya fi namu muni. Mun dai fito da rayukanmu. Koma da taru da gorar Baba duk can aka baro su. Yayana, wanda ke tuƙa babbar mota yana kai albasa Ikko, shi ya kama mana gida mai zaure a bayan kasuwa. Ni kuma da yake maigidana fatauci yake yi tsakanin nan da Maraɗi, bai cika zama ba, sai na kafa keken ɗinkina a ɗaki guda cikin gidan.

Kowace safiya Baba yakan shimfiɗa tabarmi a zaure kamar yadda ya saba a ƙauye, ya zauna. Mutanen unguwa su yi sallama, su ce "sannu tsoho", su wuce. Ba wanda ya wulaƙanta shi, a yi musu adalci. Abin dai shi ne ba wanda ke da tambayar da zai yi masa. Ya rage cin abinci, ya rage magana, rigunansa suka soma yi masa yawa har sai da na rage biyu a keke ban gaya masa ba. Raina ya yi ta ɓaci da garin nan, alhali garin bai yi mini komai ba.

Yaya ne ya kasa jure ganinsa haka. Wata dawowa da ya yi daga kudu sai ga shi da kwalaye da jarkoki, da wani akwatin gilashi da mutum biyu suka sauke da ƙyar, da kifaye cikin ledoji. Wai a gidan wani mai sayen albasarsa ya ga irinsa, ya ce tun da Baba ba ya iya zuwa gulbi, bari a kawo masa gulbi har zaure. Sai dai shi Yaya in zai yi abu ba ya yin na kowa. Maimakon ya kawo 'yan tarwaɗa da za su rayu ko a kwatami, sai ya kwaso kifin teku, irin wanda ba ya zama sai cikin ruwan gishiri.

Baba ya leƙa ya dube su. Akwai rawaya, akwai wata shuɗiya, da wasu masu ratsin ja da fari. Babbansu bai kai tafin hannuna ba.

"Mi za ni yi da kihin da ba a ci?" in ji shi.

"Kallo, Baba," Yaya ya ce.

"Awo. Mun tsuhwa, an kai mu ga kallo."

Baki ne kawai. Kafin sati ya zagayo ya san halin kowane ɗaya, ya san mai zari da mai tsoro da mai neman faɗa. Hidimarsu kuwa ta fi ta jariri. Gishirinsu na musamman ne, a buhu Yaya ke kawo shi. Inna ta taɓa ba da shawarar a gwada musu da gishirin balma tun da ga ta nan a kasuwa, Baba ya yi mata kallon da ya sa ba ta sake ba. Ruwan rijiya ba ya yi musu, sai ruwan leda, mu muna shan na rijiya su suna wanka da na sayarwa. Ga famfon da ke juya musu ruwa dare da rana, ga fitila a samansu. Da yake wutar gari sai ta ga dama take zuwa, Yaya ya sa aka kafa sola da batir, muka ci albarkacin kifi muka samu fanka. Duk wayoyin sun haɗu a soket guda da ke ƙasa bayan tebur. Gishiri kan yi fari fat a bakin gilashin, ya bi wayoyin nan har ƙasa, in an tuna a goge.

Da sanyi ya shigo Yaya ya aiko da wata sandar gilashi mai ɗumama ruwa, aka tsoma ta ciki aka jona. Ba a daɗe da sa ta ba, wata safiya Baba ya dawo masallaci ya sa hannu zai gyara wani dutse a cikin akwatin, sai ya fizge hannun. Ya tsaya jim, ya sake sa yatsa. Ina tsaye da kwanon kokonsa na ga fuskarsa ta washe da irin murmushin da rabona da shi tun ƙauye.

"Kira innarki," ya ce. "Ku zo ku ji abin mamaki. Akwai dangin minjirya cikin 'yan banzan ga."

Duk wanda ya tashi a bakin gulbinmu ya san minjirya, kifin nan mai santsi da in ka taɓa shi yake girgiza ka har kafaɗa. Masunta na jin nauyinta, tsofaffi na cewa bugunta yana sassauta jijiya. Ta bugi Baba sau ba adadi. In shi ya ce minjirya ce, wa zai ce ba ita ba ce? Har ya nuna mai laifin, shuɗiyar nan da ba ta shiga cikin 'yan uwanta. Na tsoma yatsana na ji abin yana tsikara ta daidai wuraren da allura ta sossoke ni, kamar cizon kiyashi. Na yi dariya, Inna ta yi salati, Baba ya shanye kokonsa tas ya nemi ƙari.

Wanda ya fara ɗaukar labarin shi ne wani dattijo mai sayar da goro a bakin layinmu, mai fama da sanyin ƙashi a wuyan hannu. Ya shigo ya tsoma, Baba ya ce masa ai cizon minjirya magani ne ga irin wannan ciwo. Washegari ya dawo yana rantsuwa ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ko kifin ne, ko yarda ce, ko dai ya samu wurin hira ne, Allah masani. Mai goro kuwa rediyon unguwa ne, abin da ya shiga kunnensa da safe ya isa tasha kafin azahar.

Sai zaurenmu ya cika. Takalma a jere a bakin ƙofa har suna tare hanya. Masu ciwon gwiwar hannu, masu ciwon kafaɗa, masu ƙoshin lafiya da suka zo jin ƙwaƙwaf, daga Unguwar Lalle, daga Isa, har da wasu da suka biyo babur daga Burkusuma. Da hantsi in maza sun watse sai mata su shigo ta cikin gida, ni ke raka su, su naɗe hannun riga su tsoma suna 'yan ƙananan ihu. Baba bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Goro kawai yake karɓa, shi ma a nan yake rabar da shi.

Mutanenmu ba su ganin abu su bar shi ba fassara. An lura samarin da kan tsaya daga bakin ƙofa da silifas ɗinsu na roba, su miƙo hannu, ba su jin komai sai ɗan tsikari. Dattijon da ya tuɓe takalmi ya shigo da ladabi yana jin abin har gwiwar hannu. Wanda kuwa ya shigo da ɗanyar alwala, ƙafa a jiƙe, ya taka simintin da aka yayyafa wa ruwa kafin shara, shi ne ke jinsa har haƙori. Nan take aka yanke hukunci cewa kifin ya san mai ladabi, ya kuma san mai tsarki. Limamin unguwa ya ce a daina faɗin haka, kifi kifi ne, amma shi ma sai da ya tsoma. Aka koma mutum sai ya sabunta alwala a ƙofar gidanmu kafin ya shigo, don kada a ce kifi ya raina shi.

Ni abin da nake gani daga bayan labule daban ne. Ina ganin ubana a tsakiyar mutane, hula ta zauna daidai, yana ba da labarin giwan ruwan da ya taɓa jan jirginsu, da yadda ake gane gulbi zai kawo tun kafin ya kawo. Ana tambaya yana amsawa. Rigunan da na rage suka soma matse shi. Wallahi a lokacin ko an ce mini kifin aljani ne ina son abina, tun da ya dawo mini da Baba.

Ranar da abin ya tonu ranar kasuwa ce, zaure ba kowa. Gansakuka ta kama duwatsun cikin akwatin, Baba ya ce yau sai an wanke su. Na kawo babbar roba, ya ɗebi ruwan akwatin ya zuba, ya bi kifayen da 'yar raga ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su ciki. Ya sa hannu a robar yana wasa da su, har ya tallabo shuɗiyar a tafinsa. Ba ta yi masa komai ba.

"Yau gimbiya ta tashi da sanyin rai," ya ce yana dariya.

Ya juya ga akwatin, wanda ba kifi ko ɗaya a ciki. Ruwan gishiri ya zuba a siminti ya jiƙa masa ƙafafu. Ya zura hannu har dantse zai ɗauko dutse, sai na ga an yi jifa da shi. Ya bugi bango ya sulale ya zauna, hannun yana karkarwa shi kaɗai. Na yi kan soket za ni fizge waya, ya daka mini tsawar da ta tsayar da ni. Soket ɗin a jiƙe yake sharkaf. Na ruga cikin gida na kashe wutar daga babban makunni, na dawo na durƙusa gabansa.

Ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Kihin na ina?"

"Suna cikin roba, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya miƙa wuya ya duba robar da idonsa, ya dubi akwatin, ya dube ni. Na san ya gane, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Bayan azahar na aika aka kira mai gyaran wutar da ya kafa mana sola, wani magidanci da ya koyi aikin a Maraɗi, shi wuta "kuran" yake ce mata irin na mutanen can. Ya hana kowa matsowa, ya kunna, ya taɓa ruwan da bakin 'yar sukundireba mai fitila a gindi. Fitilar ta kama ja. Ya kashe, ya zare wayoyi, ya fito da sandar ɗumama ruwan ya ɗaga ta ga haske. Ga tsaga siririya kamar gashi, ruwa ya shiga ciki. Ya jawo soket ɗin ya nuna mana gishiri ya daskare a bakinsa yana naso.

"Baba, ruwan gishiri ga kuran kamar kwalta ta ga babur," ya ce. "Ya hi ruwan rijiya ɗaukar ta nesa ba kusa ba. Kihin ba su taɓa ƙasa, shi ya sa ta bar su, kamar tsuntsu bisa waya. Amma mutum in ya sa hannu, ƙahwa tsirara bisa jiƙaƙƙen siminti, to shi ya zama hanyarta. Kuma tsagar ga ƙara buɗewa takai kullum. Saura kaɗan wani shi sa hannu shi kasa hiddawa."

"Mai alwala hwa?" Baba ya tambaya a hankali.

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Shi ya hi kowa kusa da kabari, Baba."

Gyaran bai ba shi wuya ba. Ya jefar da soket ɗin ya kafa sabo a bango, sama da akwatin kuma can gefe inda ruwa ba ya fantsama. Ya bar wa kowace waya lanƙwasa ta sauko ƙasa kafin ta hau, don in ruwa ya biyo ta ya ɗiga a siminti. Ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa bayan zaure ya ɗaura mata waya, ya sa wata na'ura da ke katse wuta da kanta in ta ji tana zurarewa. Ya kafa mana doka: ba mai sa hannu a ruwa sai an zare komai daga bango, ba mai taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu, mai hidimar kifi ya sa takalmin roba ko da a zauren ubansa ne. Baba ya saurara kamar ɗalibi, ya sa shi ya maimaita.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Me za a gaya wa mutane? Gona ta tafi, koma ta tafi, gulbi ya yi nisa. Abin da Baba ya fito da shi daga ƙauye guda ɗaya ne, in ya yi magana a kan ruwa da kifi ta zauna. Yanzu in ya ce waya ce, gari zai ce ga masuncin da bai san kifi da waya ba, zauren ya koma yadda yake, har da dariya a kai.

Yaya ya bugo waya daga hanya, ya kawo mafita. A ce shuɗiyar ta gaji, ƙarfinta ya ƙare, ai minjirya ma takan gaji in an dame ta. An gyara wuta, ba wanda zai ƙara cutuwa, mutuncin Baba yana nan. Inna ta ce wannan ita ce magana. Ni ma na ce haka, kuma har yau ban ga 'yar da za ta ce wani abu daban ba in ta ga ubanta yadda na ga nawa a watannin farko. Baba ya ce a bar shi ya yi tunani. Ya rufe zaure, duk wanda ya zo a ce masa ana gyara.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a unguwarmu ta zo karɓar ɗinkinta. Tana daga cikin masu yawan tsoma hannu da hantsi. Ta ce mini kada mu damu da rufe zaure, ita ta huta da bin layi, Allah ya kawo mata nata har gida.

"Naki mi, Gwaggo?" na ce.

"Cizon mana. Hitar ga da nika dahwa ruwan wanka da ita cikin bokiti, in kin sa hannu tana kunne, irin na kihin babanki na sak. Har ya hi shi ƙarhi. Na hwaɗa wa maƙwabtana."

Na riƙe hannunta na ce don Allah ta bari, wuta ce, kisa take yi. Ta zare hannunta tana dariya. "Ke ɗiyar yau. Babanki da bakinshi ya ce cizon ga magani na. Ke kin hi shi sani?"

Na bar keke na je na same shi a zaure na kwashe duka na gaya masa.

"Kin ji ko?" ya ce. "In na ce kihi ya gaji, sai su tahi neman cizon wani wuri. Bakina ya sa su ciki. Bakin wani ba shi hid da su."

"Za su yi maka dariya, Baba."

"Su yi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ka duka."

Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa aka buɗe zaure. Mutane suka cika shi har waje, an yi kewar kifi. Ni ina bayan labule. Mai gyaran wuta ya ajiye bokitin ruwan gishiri a kan benci, ya tsoma tsohuwar sandar nan mai tsaga, ya ce kowa ya ja baya. Baba ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi in zai yi magana. Ya ce a duba bokitin, akwai kifi? Aka ce babu. Aka jona, aka taɓa ruwan da sukundireba, fitila ta kama ja kowa na gani.

"Wanga shi na abin da ke cizon ku," in ji Baba. "Ba minjirya ba ta, ba magani ba na. Wutar lantarki ta. Ni nic ce minjirya, kuma ban hwaɗi daidai ba. Shekaruna duka cikin ruwa, amma wanga ruwa ban san shi ba, nig ga abin da ya yi kama da wanda na sani nib ba shi sunanshi. Na tara ku bakin rami kuna tuɓe takalmi kuna shiga, wanda ya hi ladabi shi ya hi kusa da hwaɗawa. Allah ya tsare, ba dubarata ba. Ku gahwarce ni. Kuma duk wanda ya ji irin cizon ga, ga bokiti ko ga firiji ko ga ƙohwar ƙarhe, shi kashe wuta shi nemi mai gyara. Kada shi ce tsohon ga ya ce magani na. Tsohon ga ya janye."

Can sai mai goro ya ce, "To ni hannuna da ya warke hwa?"

"Allah ya warkar da kai," Baba ya ce, "kuma ya tsare ka daga gare ni."

Aka yi dariya, wasu ta jin nauyi, wasu ta mugunta. Daga bakin ƙofa na ji wani saurayi ya ce "masuncin waya", abokansa suka kwashe. Ba don labule da mutuncin aure ba da na fita na nuna masa ɗiyar masunci ce ni. Liman ya yi addu'a, ya ce abin da dattijo ya yi ba kowa ke iyawa ba, aka shafa aka watse. Sunan nan kuwa ya bi gari, har yara na faɗinsa in sun wuce. Takalman bakin ƙofa suka ragu, suka ragu, har ya zama in ka ga ƙafa biyu to na mai goro ne ya zo jin ko akwai sabon labari.

Baba bai tsaya nan ba. Ya ce maza sun ji, amma matan da ke cikin gidaje ba su ji daga bakinsa ba, kuma ya san maza, rabin magana suke kaiwa gida. Shi ba ya shiga gidan mutane, don haka ni ce bakinsa. Ya gaya mini abin da za ni ce, ya hana ni rage ko kalma: babana ya ce a gaya muku ya yi kuskure.

Na ɗauka kalmar za ta maƙale mini a wuya. A gidan farko ta ɗan maƙale. A na biyu na ji ta fita sumul, a na uku kuwa na lura kaina a sama yake. Na shiga gidajen masu kuɗi da na malamai da na masu sarauta a garin nan ina kai ɗinki, ban taɓa jin an aiko 'ya ta faɗi haka a madadin ubanta ba. Wasu matan suka yi mini dariya, wasu suka riƙe baki, wata ta jawo ni ta nuna mini injin markaɗenta da ke cizonta in ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, na ce ta kashe shi sai an duba. Ina tafe ina jin wani irin alfahari da ban ji ba ko lokacin da fatake ke layi a ƙofarmu ta ƙauye.

Gidan mai ƙosai na bari a ƙarshe, don na san sai mun yi. Na same ta a tsakar gida tana wankin wake, jikarta na zaune a tabarma kusa da ita, 'yar yarinya mai kumatu da ta isa tafiya amma ba ta fara ba. Na gaishe ta na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni.

Ta tsame hannu daga waken. "Shi da bakinshi ya ce haka?"

"Gaban mutane, Gwaggo. A tsaye."

Ta goge hannu a zaninta. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da hitar, wayarta duk an naɗe da leda inda ta ƙone, ta miƙo mini.

"Kai mishi," ta ce. Ta nuna yarinyar da haɓa. "Ƙahwahunta sun ƙi ƙwari. Na ce bari uwatta ta tahi biki gobe, in cika bokiti in tsai da ita ciki."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na iso zaurenmu ana kiran la'asar daga nesa. Baba na zaune shi kaɗai, tabarmi a shimfiɗe ba kowa a kai, silifas na roba a ƙafarsa, ya zare wayoyi yana goge gishirin bakin gilashi da tsumma. Na ajiye hitar a gabansa na gaya masa abin da tsohuwar ta ce, ban rage komai ba.

Ya ajiye tsumman. Ya dubi hitar, ya dubi tabarmin, na ga ruwa ya cika masa ido bai zubo ba.

"Zaure guda a bakin yarinya guda," ya ce. "An yi mini araha."

Ya busar da hannuwansa sosai a jikin riga, ya mayar da wayoyin bango ɗaya bayan ɗaya, famfo ya tashi. Sannan ya ce in ɗebo masa ruwa a buta kada jam'i ya wuce shi.